Kafin Ka Yaba Fenti, Nemi Akwatin Wuta

Dillalin gida a Tamanrasset ya san inda zai tsayar da kai. Bakin taga zai kai ka, ya nuna maka duwatsun Hoggar, ya tuna maka cewa garin yana kan tudu kusan mita 1,400, don haka zafinsa bai kai na garin In Salah ba. Duk gaskiya ne, sai dai ba dutse ka zo saye ba.

Ka ce, “Alhaji, ina akwatin wuta?” Nan take za a tuna cewa shayi ya nuna.

Mitar kamfanin wuta na Sonelgaz ba ruwanta, nata ƙidaya ne. Abin da ke bayanta shi ne halin magini. Buɗe murfin akwatin. In kowane ɗaki da makashinsa, an rubuta suna, ga wayar ƙasa mai launin kore da rawaya, to mai wannan aiki da wuya ya cuci siminti. In kuwa ka tarar da wayoyi a cukurkuɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya, an naɗe su da salatif, makashi ɗaya tal yana ɗauke da firji da na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwan da ake nema a sanyin Janairu, to ka tabbata bangon ma da labari.

Baƙin tabon da ke gefen soket kuwa, dillali zai ce ƙurar Sahara ce. Ka sunsuna, ka tambaye shi tun yaushe ƙura ta fara warin ƙonanniyar roba.