Duwatsun Murhu Uku

Birmingham, Ingila

Zuwa ga taubashina, sarkin 'yan keken Terminus zuwa Farin Gada,

Ina fatan kana lafiya, kai da Kawu da iyali da duk mutanen Gangare. Ya sanyin Jos? Na san yanzu ka jibga rigunan sanyi uku, don mutum irinka da babu komai a jikinsa sai ƙashi da jijiya, iskar hunturu ratsa shi take yi kamar ta samu rariya. Ka riƙa cin abinci, taubashi. Shekara nawa ina yi maka wannan nasiha.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne in riga gwaggonka ba ka labari, don na san in ta bakinta ya fito, kafin ya iso Dilimi ya yi reshe bakwai. Na sayi mota. Kada ka yi saurin tashi, koma ka zauna ka ji sauran: ƙafarta uku. Ɗaya a gaba, biyu a baya, kamar kekenka.

Ka tuna lokacin da muke cin kuɗin aiken Inna a gidan kallo muna kallon Mista Bin? Ka tuna shuɗiyar motar nan da kullum sai ya ture ta ta kife? Sunanta Reliant Regal, kuma ita ce yayar tawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tawa Reliant Robin ce, ƙirar 1977. A garin Tamworth aka ƙera ta, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai Jos zuwa Pankshin ba. Kamfanin ya fara aiki a 1935, ya fito da Robin a 1973, yanzu kuwa an haura shekara 20 da daina yin ta. Abin da ya rage sai tsofaffi, su ne masu sha'awa ke farauta a garejin dattawa.

Kai ka san jikina. Kilo 118 ne cif, gadon Kaka, mutumin da ya baro ƙasar Kano ya zo Jos yana ɗaukar kwanon sarki cike da ƙasar kuza tun safe har la'asar. Ni na ɗauko ƙirjinsa da kafaɗunsa, kai kuma ka ɗauko sandarsa. Saboda haka da na tashi neman mai ƙafa uku, ban yi gaggawa ba, sai da na bi dangin ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman aure.

Na fara da wata mai suna Peel P50, wadda aka yi a tsibirin Man daga 1962 zuwa 1965. Nauyinta duka kilo 59, wato rabina daidai. Ba ta da giyar ribas. Mariƙi aka sa mata a baya, in kana son juyawa sai ka fito ka ɗaga ta ka juya ta kamar akwatin amarya. Na ce wannan ta taubashi ce, shi kaɗai zai shiga har ya ɗauki fasinja. Sai Isetta, wadda ƙofarta ɗaya tak kuma a goshi take, in ka buɗe sitiyarin ya biyo ƙofar waje. Ba abin mamaki ba ne, don kamfanin Italiya da ya fara ƙera ta firiji yake yi kafin ya shiga harkar mota. Kuɗinta ya fi ƙarfin aljihun direban bas irina. Sai Morgan, mai taya biyu a gaba ɗaya a baya, kyakkyawa ta gaske, amma ba rufi. A ƙasar da ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo, wa zai sayi ɗaki ba jinka?

Haka na dawo kan Robin. Mai ita wani dattijo ne da ya haura shekara 80, tsohon mahaƙin kwal. Da na isa gidansa ya buɗe ƙofa, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya waiwaya ya dubi motar, ya sake dubana, sannan ya ce in shigo mu sha shayi tukuna. Shayinsu kuwa, taubashi, ruwan zafi ne da aka nuna wa madara daga nesa. Da mai shayin bakin Masallacin Juma'a zai gan shi, da ya yi musu ta'aziyya.

A kan shayin nan ya ba ni tarihinta. A zamaninsu, dokar ƙasar ta ɗauki duk mai ƙafa uku da bai wuce wani ƙayyadadden nauyi ba a matsayin dangin babur. Harajinsa na babur, kuma mai lasisin babur yana iya tuƙa shi. Shi ya sa suka yi mata jiki na roba mai haɗe da zaren gilashi, don kada ta yi nauyi. Leburori da mahaƙan kwal da ba su da lasisin mota, su ne suka rungume ta. Ya ce shekara da shekaru yana tafiya bakin rami a kan babur da asuba, ƙanƙara na dukan fuskarsa, yatsunsa su sandare har ya kasa kwance igiyar takalmi. Ranar da ya sayi wannan mota, ranar ya fara isa wurin aiki a bushe. A cikinta ya kai matarsa asibiti haihuwa, a cikinta ya kai 'ya'yansa bakin teku. Masu manyan motoci suna yi mata dariya, suna kiranta aladen roba, shi kuwa yana ciki da ɗuminsa.

Yana magana ina ganin Kaka. Wannan ya haƙi kwal a Ingila, wancan ya haƙi kuza a Filato ana lodawa zuwa Ingilar, dukansu da asuba cikin sanyi. Tun kafin in taɓa motar na san ba zan bar ta ba.

To, sai shiga. Nan fa ake yin ta. Injin Robin ba a can gaba yake ba kamar na sauran motoci. Tayar gaba ta cinye wurin, sai aka turo shi baya, ya kutso cikin ɗaki ya yi tozo tsakanin ƙafafun direba da na fasinja. Ramin da aka bar wa ƙafa bai fi faɗin akushi ba, a ciki kuma aka cusa kuloci da birki da totur kamar 'yan uku a goyo ɗaya. Na tura kujera baya har ta ƙure. Dattijon ya koya mini tsarin: ƙafar hagu ta fara shiga ta zagaya ƙarƙashin sitiyari, sannan ka zauna, sannan ka sunkuyar da kai, ƙafar dama ta biyo a ƙarshe. Na bi tsari, na shiga lafiya lau. Motar ta yi wani ɗan nishi ta karkata dama, kamar jaki ya ga mangala. Na rufe ƙofa, kafaɗata ta dama na jingine da gilashi, ta hagu ta leƙa rabin kujerar fasinja, hulata tana gaisawa da rufi. Na cire hular na ajiye a gefe, shi ke nan zama ya daidaita. Matsala ɗaya ta rage, takalmin aikina yana taka birki da totur lokaci guda. Yanzu na ware mata siririn takalmi nata na kanta, a cikinta yake kwana.

Kafin mu tashi, dattijon ya ja ni gefe zai yi mini gargaɗin kwana. Ya ce sitiyari a dama yake, ni ma a dama nake, in na sha kwanar hagu da gudu duk nauyi zai taru a gefena, tayar baya ta hagu ta ɗaga. Na bar shi ya gama, don ba a katse babba. Sannan na ce masa, Baba, shekara huɗu na yi ina tuƙa mai ƙafa uku a garin da kowane titi hawa ne ko gangara. Na gaya masa yadda muke raba fasinja, mai jiki a tsakiya, sirara a gefe, kwandon tumatir a inda ya rage. Na gaya masa ana taka birki kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Na gaya masa mai ƙafa uku ba ya raba ƙafa a kan rami kamar mai huɗu, don in tayoyin baya sun tsira ta gaba za ta faɗa, sai dai a kauce gaba ɗaya. Sai na ga idon dattijo ya yi haske. Ya ce mutum biyar sun zo kafin ni, duk hoto suka zo ɗauka. Ya rage mini kuɗi ban roƙa ba, muka tsaya a fam 3,200.

Ban biya ba sai da na kwanta a ƙasa na leƙa cikinta, kamar yadda Kawu ya koya mana. Jikin roba ba ya tsatsa, amma shasin da ke ƙarƙashi ƙarfe ne, kuma gishirin da suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara cin ƙarfe yake yi kamar gara. Na ƙwanƙwasa ko'ina, lafiya. Na girgiza tayar gaba, ba ta wasa, alamar mai ita bai yi mata rowar giris ba. Injinta cc 848 ne, ya ninka na kekenka wajen sau huɗu, giya huɗu da ribas. Kuma da yake ta haura shekara 40, gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihi, ba na biyan harajin hanya. Ka ji ƙasar da tsufa ke jawo wa mota rangwame.

Maganin karkata kuwa a kantin kayan miya na samo shi. Buhun dankalin Turawa mai kilo 25 na ɗora a kujerar fasinja na ɗaure shi da bel. Fasinja ne na gari, ba ya neman canji, ba ya cewa a sauke shi a tsakiyar shataletale. Sai dai dankalin nasu, duk da sunansu ne a kansa, bai kama ƙafar na Bokkos ba. In uwargida za ta shiga, buhu ya koma baya. Da kai ne za ka shiga, sai dai ka rungume shi a cinya, in ba haka ba motar ba za ta san an ƙara mutum ba.

Yara sun raɗa mata suna Murhu. Ni na jawo, don ranar da na kawo ta maƙwabci ya tambaye ni ko ba na tsoron ta kife da ni. Na ce masa a garinmu duwatsu uku ke ɗaukar tukunyar biki, kuma tukunyar da ta cika ta fi zama daram a kansu. Ba na wuce mil 50 da ita, manyan motoci su wuce abinsu. Sannu ba ta hana zuwa. Tozon injin nan kuma yana gasa mini ƙafa har in isa, abin da ko bas ɗin da nake tuƙawa ba ta yi mini.

Yanzu ka gyara zama, ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A saƙon muryar da ka turo wancan watan, ka ce ka gaji da a riƙa kiranka ɗan keke, kana son ka sayar da keken ka ci bashi ka sayi tsohuwar mota don a daina raina ka a wurin ɗaurin aure. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ka manta lokacin da aka hana acaɓa a Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang, muka wayi gari ba sana'a? Kawu ya karɓo mana keke bashi, kai safe ni yamma, kullum sai mun haɗa balas kafin mu san abin da za mu ci. Daga Terminus zuwa Bauchi Road, daga Katako zuwa Unguwar Rogo, buhunan kabeji da karas daga Farin Gada tun duhun asuba. Kuɗin makarantata daga ƙarƙashin kujerar nan ya fito. Lokacin jarrabawa kai ka riƙa haɗa safe da yamma kana ba ni kasona cif, ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Sadakinka daga nan ya fito, rufin ɗakin Inna daga nan ya fito. Legas ta kira ta Keke Marwa, Kano ta kira ta A Daidaita Sahu, gwamnatin Obasanjo ta liƙa mata sunan NAPEP na shirin yaƙi da talauci. Ni dai a gidanmu na ga ta yi yaƙin da idona.

Ranar Lahadin da ta wuce na kai Murhu wani taron tsofaffin motoci. Motocin miliyoyi na jere, amma wurin tawa jama'a suka taru. Wata tsohuwa ta dafa rufinta ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce irinta mahaifinta yake da ita. Abin da aka yi wa dariya jiya, yau shi ake gogewa da ƙyalle mai laushi, don 'ya'yan da ta ciyar sun girma sun san darajarta. 'Ya'yanka ma za su girma. In Allah ya hore maka mota da kuɗinka, saya, ni zan fara yi maka murna. Amma kada ka ci bashi don kunyar abin da ya rufa mana asiri.

Na so in turo maka Murhu ka gani, sai dai sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka sauya hannu. Ga hotonta nan na haɗo, ka nuna wa Kawu, ka ce masa na leƙa ƙarƙashinta kafin in biya. In Allah ya kai mu babbar Sallah ina tafe. Kada ka aro motar kowa. Ka zo tashar Bauchi Road da kekenmu ka ɗauke ni, in zauna a tsakiyar baya kamar yadda ƙa'ida ta ce, mu bi ta Dilimi a hankali kowa ya gan mu. Ka dai sa dutse a aljihu saboda iska.

Batun kuɗin shara kuwa, na ji kana neman ka manta. Ni ban manta ba, lissafi yana nan a rubuce.

Ka gaida Kawu da kyau, ka gaida amarya da yara, ka duba mini gwaggonka. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a taya ukun nan.

Naka har kullum,
Taubashinka na Birmingham