Baƙin Tokyo a Gaban Miyar Kori

Duk baƙon da ya kwana biyu a Japan ya san mafaka idan wata ya yi nisa: shagunan shinkafa da miyar kori, irin su CoCo Ichibanya da Matsuya. Miya ce mai kauri da ɗan zaƙi-zaƙi, wadda Turawan Ingila suka kai musu a ƙarni na 19 har ta zama tuwonsu. A kan doguwar kantar shagunan nan kowa sai halinsa ya fito.

Akwai Sarkin Yaji. A CoCo Ichibanya yaji hawa-hawa ne da lamba, shi kuwa sai ya ce a ba shi na 10, wai shi goyon yajin tsire ne. Cokali uku, hanci ya ɓalle. Tambaye shi, zai ce tun jiya mura ke damunsa. Da ruwan sha na kuɗi ne, da a nan albashinsa zai ƙare.

Kusa da shi Malam Bincike ne, kuma ban ga laifinsa ba, don miyar da aka fi yi da naman alade ake haɗa ta. A duk rubutun Japan harafi ɗaya ya haddace, na "buta", wato alade, kuma ko daga tsallaken titi yana hango shi. Ya haska takardar abinci da waya, ya juya ta, ya tambayi yaron shago abin da ke cikin man suya. Yaro na ta sunkuyawa yana "sumimasen". Can sai Malam ya tashi ya hau jirgin ƙasa neman shagon halal, kuɗin jirgi ya ninka na abinci.

Mai Lissafi kuwa kowace loma sai ya mayar da ita naira. Ya ji shinkafar giram 300 ce, ya raba da farashi, sannan ya huce a kan fukujinzuke, kayan lambun tsami da ake ajiyewa kyauta. Kwalbar ba ta tsira.

Ɗan Indiya kullum cewa yake wannan ba kori ba ce. Kullum kuma yana nan.

Sabon zuwa na tsaye gaban na'urar tikiti a Matsuya yana danne-danne. Layi ya taru a bayansa, ba wanda ya ce uffan, shi kuwa gara a zage shi.

Ni dai yaji lamba 2 nake ci. Idan aka kira daga gida sai in ce 8.