Masu Karanta Tarihin Shugabanni da Masu Kewar Jiya

Shugabannin Najeriya suna son rubuta tarihin rayuwarsu. Sardauna ya fitar da My Life a 1962, Alhaji Shehu Shagari ya yi Beckoned to Serve a 2001, Obasanjo ya dire My Watch har juzu'i uku a 2014, Jonathan ya biyo da My Transition Hours a 2018. Amma babu wanda ya tayar da ƙura irin na Janar Ibrahim Babangida, A Journey in Service, da aka ƙaddamar a Abuja ranar 20 ga Fabrairun 2025. A ciki ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993, ya ce ya ɗauki alhakin soke shi a matsayinsa na shugaba, sannan ya nuna yatsa ga wasu hafsoshi da ya ce Janar Abacha ke jagoranta. Iyalan Abacha suka fito suka mayar da martani. Duk lokacin da irin wannan littafi ya fito, majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi da ofisoshin gwamnati sukan fito da mutanensu, kowa da irin cutarsa. Na sha zama da su, na kuma sha wuyarsu.

Mafi yawa a cikinsu shi ne wanda bai karanta ba. Abin da ya gani hoton shafi uku ne da aka turo masa ta WhatsApp, sai ɗan sharhin da ya tsinta a rediyo yana alwala. Da wannan jarin zai riƙe majalisa daga la'asar har magariba. Komai ka kawo sai ya ce, "Ai ya faɗa a ciki." Ka ce a wane shafi? Ya ce, "Malam, je ka duba, yana nan wajen tsakiya." A wurin ƙaddamarwa attajirai sun yi alƙawarin sama da naira biliyan 16 domin ɗakin karatun Janar, shi kuwa wannan ko datar da ya buɗe hotunan da ita ta maƙwabci ce, amma ya fi mai littafin sanin abin da ke ciki.

Ƙaninsa shi ne mai ado da littafi. Ya saya da tsada, ya ajiye a falo daidai inda idon baƙo zai fara sauka, ledarsa ma ba a ɓare ba. Wannan ba zan matsa masa ba, domin juzu'i na biyu da na uku na littafin Obasanjo suna nan a kantata sabbi fil, kuma suna yi wa ɗakin kyau.

Akwai mai neman sunansa. Galibi tsohon babban sakatare ne ko tsohon kwamishina. Shi daga baya yake fara littafi, inda aka jera sunaye. Idan bai ga nasa ba sai ya rufe, ya ce littafin ba shi da zurfi, an bar muhimman abubuwa. Idan kuwa ya tarar an ambace shi a layi ɗaya, cikin waɗanda suka raka shugaba filin jirgi, to ya sayi kwafi biyar, surukai ma sai sun samu.

Sai gwanina, wanda nake kira Baba A-Zamaninmu. Tsohon ma'aikaci ne, ya yi ritaya tun ana biyan albashi a tebur. Da hantsi ake shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, rediyo a dama, buta a hagu, tabarau a ƙarshen hanci, ƙafarsa ɗaya an ɗaure da zare. Baba yana karatu da gaske, sai dai bai taɓa wuce shafi biyu a zama ɗaya ba. Da ya ci karo da wata shekara sai ya sa tsinken sakace a wurin, ya rufe, ya cire tabarau, ya yi ajiyar zuciya. Idan kana kusa, ka yi sallama da aikin da ka fito yi.

A wajen Baba kowane shugaba farashi ne. Gowon shi ne Udoji, kuɗin ariyas da aka zuba wa ma'aikata har ya sayi keke sabo da rediyo mai kaset a rana ɗaya, ya kuma kai kuɗin aure da canjin. Abacha shi ne litar fetur naira 11, dala naira 22, da magungunan PTF a asibiti. 'Yar'aduwa shi ne fetur naira 65. Ba ya tuna jawabin kowa, ba ya tuna tsarin mulki, amma zai gaya maka kuɗin gwangwanin madara a kowace gwamnati, har da sunan kantin.

Kuskuren da baƙo ke yi shi ne ya ce zai gyara masa lissafi. Ka ce, "Baba, ai dalar naira 22 ta gwamnati ce, a Wapa ta haura tamanin." Sai ya dube ka ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, shekarunka nawa?" Ka tuna masa layin sukari da sabulu da madara na 1984, da sojan da ke tsaye da bulala, da tsallen kwaɗon da aka sa ma'aikatan da suka makara, sai ya ce ai wannan tarbiyya ce, ita muka rasa. Ka ce to SAP ɗin Babangida fa, da ta karya darajar naira tun daga 1986 har ɗalibai suka yi bore a 1989? Ya ce ko a lokacin ana cin nama. 'Ya'yansa kuwa sun shaida mini cewa babu shugaban da Baba bai yi wa Allah ya isa ba yana kan mulki. A 2015 har rawa ya taka don Buhari. Da aka rufe iyakoki a 2019 shinkafa ta yi tsada, ya hana a ambaci sunan a gidansa. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, sai aka ji yana cewa mutumin Daura dai yana da tausayi. Ranar da Buhari ya rasu a Yulin 2025, Baba bai iya cin tuwon dare ba.

Na daɗe ina sauraronsa kafin in lura cewa duk labarin da ya ɗauko, shi ne a tsakiya: yana taka keke daga Fagge zuwa Bompai bai haki ba, yana tauna ƙashi da haƙoransa, amarya na jiransa a gida. Rabin kewar da yake yi wa Gowon kewar gwiwoyinsa ce. Hausawa sun riga sun gama magana, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Shi ya sa ba na jin haushinsa. Nakan ƙara masa shayi, in tambaye shi nawa ne kuɗin jirgin ƙasa zuwa Legas, in gyara zama.

Jikansa ma ya shigo layi. An haife shi bayan dawowar mulkin farar hula, amma hoton Murtala ne a fuskar wayarsa, kullum yana rubuta Allah ya jiƙan mazan jiya. Murtala ya hau a Yulin 1975, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976, lokacin uban yaron ma bai shiga firamare ba. Iyakar saninsa da shi takardar naira ashirin ce, ita ma yanzu ba kasafai ake ba shi canjinta ba. Duk da haka idan ya fara ba ka labarin yadda ma'aikata ke rige-rigen zuwa ofis a zamanin, sai ka rantse shi ne mai gadin ƙofa.

Mai jan biro shi kaɗai ne ke karantawa daga bango zuwa bango, kuma da faɗa yake yi. Kada ka kuskura ka ba shi aron littafinka. Zai dawo maka da shi gefen kowane shafi an rubuta "ƙarya", "a ina?", "Allah dai ya sani". Yana da kwanan wata a ka: kisan Mamman Vatsa, Maris 1986, na Dele Giwa, Oktoban 1986. Yakan tsaya a tsakiyar sakin layi ya yi wa marubucin magana da ƙarfi, har da "ranka ya daɗe", sai ka ce Janar Babangida na zaune a kujerar da ke gabansa. Matarsa ta ce tun da littafin ya shigo gidan ake auna masa jini.

Hajiya mai hawaye ba ruwanta da juyin mulki. Inda aka ambaci marigayiya Maryam, matar Babangida, take nema. Daga nan sai ta tafi zamanin Better Life, da injin niƙan da aka kai ƙauyensu, da irin ɗaurin ɗankwalin da matan gari suka yi ta kwaikwayo. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah sarki, ashe su ma mutane ne." Da wannan ta yafe wa gwamnati guda.

Lauyan garinsu kuwa ba ya buƙatar hujja. Idan Bakano ne, Abacha bai taɓa laifi ba. Idan ɗan Minna ne, Janar ya yi abin da ya fi ƙarfin kowa. Idan Bakatsine ne, yana da mutum biyu da zai kare, don haka ba ya hutawa. Duk inda aka ƙure shi, mafitarsa ɗaya ce: ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ya manta cewa a zaɓen 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta Kano, wato iyayensa sun fi shi sanin bambancin ɗan gari da ɗan takara.

Duk waɗannan ina dariya da su, wasu ma ina neman su in na kwana biyu ban gan su ba. Akwai ɗaya dai da ba ya ba ni dariya ko kaɗan, shi ne mai cin abinci da sunan matattu. Yana da muƙami, yana da kasafin kuɗi a hannunsa, yana da hoton Sardauna a bangon ofis. Duk 15 ga Janairu, ranar da aka kashe Sardauna, zai sa babbar riga ya hau mumbari, muryarsa na rawa, ya ce Gamji ya rasu bai tara dukiya ba, ya ce Malam Aminu Kano ya ƙare rayuwarsa a ɗan gidansa na Gwammaja. Gaskiya ya faɗa. Yana sauka zai shiga jerin motocin da kuɗinsu zai rufe azuzuwan ƙaramar hukuma guda, ya wuce ta gaban makarantar da yara ke zaune a ƙasa bai ko sauke gilashi ba.

Kewar Baba ba ta cuci kowa ba, fanshonsa ma ba ya isarsa. Wannan kuwa ya mayar da kewa sana'a. Yana lissafa Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 da masaƙar Kaduna da Bankin Arewa kamar da shi aka aza tubalin, ba ya taɓa faɗin a hannun su wa masaƙun suka rufe, bankin ya narke cikin wani. Yana son mu yi ta kukan 1966 domin kada mu tambaye shi kasafin bana. Kuma na san ƙarshensa: zai sauka, ya ɗauki hayar mai rubutu, ya fitar da nasa littafin mai bango mai kauri, ya bayyana mana cewa shi ya so yin aiki, wasu ne suka hana. Waɗanda za a ɗora wa laifin kuwa sai an duba an tabbatar sun riga mu gidan gaskiya.

Don haka mai karatu, ka sayi littattafan nan ka karanta, ko da rabi ne, ka saurari tsofaffi, ka yi wa magabata addu'a. Amma duk ranar da mai riƙe da muƙami ya fara yabon Sardauna a gabanka, ka bar shi ya kai aya, sannan ka ce, "Yallaɓai, Allah ya jiƙansa. Yaushe za a rufe makarantar garinmu?"