Gangirwal Ba Dala Ba Ne

Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya: mita 2,419, cikin gandun Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Mai son sanin halin abokansa ya ja su can.

A gindin dutse kowa jarumi ne. Ga mai takalmin da ya ci kuɗin buhun shinkafa, ga wanda ya rantse da gudu yake haye Dala. Sai an yi nisa da hawa tsoron Allah ke sauko wa jama'a. Wanda nafila ba ta dame shi ba a gida, shi ne zai nemi a tsaya a yi walaha. Mai tsayawa ɗaukar hoto kuma huhunsa ne ke neman sulhu. Wanda aka yi wa dariya don ya cika jaka da ƙuli-ƙuli da dabino ya koma "ranka ya daɗe".

Jagora kuwa tun safe amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Ana cikin haki sai yaron Fulani ya wuce da shanunsa, da takalmin roba, yana yi wa mutane sannu cikin tausayi.

Da aka kai ƙololuwa, sanyi ya hana kowa jawabin da ya tanada. Can sai wani ya tambayi jagora, ba da wasa ba, ko ana samun acaɓa zuwa ƙasa.