Littafin Awon Alhaji

A wata unguwa cikin birnin Zazzau, tsakanin Babban Dodo da Ƙofar Kuyambana, akwai wani attajiri mai hannun kyauta. Duk azumi yakan kai wa wani tsohon tela bandiran shadda, ya ce a ɗinka wa talakawan unguwa kayan salla. Niyya kam babu abin cewa. Sai dai littafin awon tun na 2006 ne, shekarar da aka yi ƙidayar ƙarshe a ƙasar nan.

Yaron da aka auna yana rarrafe, yau shi ke tura kurar ruwa lungu-lungu, amma 'yar rigar jariri ake aika masa. Tsohuwar da ta daɗe da rasuwa, zanenta yana fita duk shekara. Mai ɗaura shi, Allah masani. Marayun wani gida can jikin ganuwa kuwa ba sa cikin littafin sam.

Rannan tela ya yi ta maza.

"Alhaji, Allah ya ƙara arziki, a sake awo."

Alhaji ya tura yaronsa. Yaron ya zauna a zauren mai unguwa, aka dama masa fura, ya rubuta sunayen waɗanda suka shigo gaisuwa. Bai nemi iso gidan kowa ba. Sai wata uwar marayu ta aiko 'yarta da saƙo: a gaya wa Alhaji famfo ya ƙafe, kuɗin cefane 'yan garuwa ke cinyewa, ga ƙaramin yana zazzaɓi, ko kuɗin kai shi asibitin Gambo Sawaba babu.

"Yarinya, ce wa innarki babu gurbin wannan a littafi," in ji yaron Alhaji.

A Nuwamban 2022 tela yana yanka, rediyo ya ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gano mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. An duba ruwan shansu, makarantar 'ya'yansu, nisan asibiti, har abin da suke hura wutar girki da shi. Ya ajiye almakashi.

"To, waɗannan sun iya tambaya. Saura mu gani ko da awon za a yanka."

Mai littafi, in wannan ya iso kunnenka, gidan marayun yana nan, ƙofarsa ko ƙyaure babu. A yi sallama a shiga.