Kyautar Dokin da Ban Mallaka Ba

Waɗanda Allah ya nufa da zuwa Ingila sun ba mu labari cewa idan mawaƙan can za su yi wasa, ko da na kwana da kwanaki ne, a bakin ƙofa ake yankar tikiti, kowa ya biya abin da aka ƙayyade, ya shiga ya sha kiɗa iyakar cikinsa, ya fito da rigarsa a wuyansa. A birnin Shehu kuwa al'amarin ya saɓa, domin ba mai tambayarka ko anini wajen shiga taron makaɗa, sai dai kuɗin fita, wanda ba shi da haddi, kuma tufafinka ake dubawa wajen yanka shi, ba aljihunka ba.

Wannan ƙissa ta auku ne a wata Babbar Salla, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai na 1960, a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gado a 1938. A irin waɗannan ranaku hakimai kan shigo gaisuwa, kowanne da makaɗansa, har gari ya ɗauka tun daga Kanwuri zuwa Ƙofar Rini: ga tambura da kakaki da algaita a ƙofar fada, ga Salihu Jankiɗi da taushinsa, ga masu kotso na ƙasar Zamfara, waɗanda Musa Ɗanƙwairo ya zama tauraronsu, ga kuma kalangu a fagen dambe, inda sunan Ɗan Anace da na Shago ba sa fita daga bakin samari.

Ni a lokacin ƙaramin malamin makaranta ne, ina zaune a gidan kawuna, wani dattijo mai karantar da Risala da Ishiriniya a zaure, wanda a wurinsa kowane kiɗa, in ba na yaƙi ko na shelar aure ba, lagawu ne. Shi ne ya ara mini rigarsa ta tsamiya mai aska takwas, bisa sharaɗin in je idi da ita in komo. Da na tuna malamai sun ce wanda sauti ya riska yana bisa hanyarsa ba shi da laifi, sai na yi wa kaina fatawa, na mai da ƙofar fada hanyata ta zuwa ko'ina, har da masallacin da ke bayan gidanmu.

Ranar Salla na tsira, domin inda hakimai suka cika fage da rawuna da alkyabbu ba a ganin irinmu. Washegari da dare ne ƙaddara ta kai ni ƙofar gidan wani attajiri, inda wasu masu kotso suka baje. Wallahi kiɗan ya isa a tsaya: makaɗa sun rataya kotsuna a kafaɗa, yatsunsu na sauka a kan naken da ke tsakiyar fata, hannun hagu na matsa tsarkiya har ganga ta yi magana, uban waƙa ya jefa ɗa, 'yan amshi su cafe kafin ya faɗi ƙasa. Ina cikin wannan shagala ban lura da sanƙira ba, alhali shi tuni ya lura da askar rigata, ya kuma sayi sunana a hannun wani ɗalibina da kwabo guda.

Sai na ji an kwarara murya: "Ku buɗa mai hanya! Ranka shi daɗe, ɗan malamai, jikan masu tuta!" Na waiwaya domin in ga wane babba ne ya iso, sai na tarar duk idanu a kaina suke. Kafin in yi wani motsi, an ɗauki kakan kakana, wanda a gidanmu ba a san shi da wani jihadi ba sai jimar fatar jar akuya, an ɗora shi a kan doki, an kai shi Tabkin Kwatto a 1804, an ce shi ya fara ratsa rundunar Gobir. Na san ƙarya ce, amma ban taɓa jin ƙaryar da ta yi mini daɗi kamarta ba. Na miƙa sule, sanƙira ya ɗaga shi sama ya ce somin taɓi ne. Na miƙa takardar sule goma, wadda ita ce guzurina har ƙarshen wata, aka ƙara wa kiɗa wuta. Na cire hula na bayar. Da aka kai ga cewa gidanmu ba a taɓa barin makaɗi ya kwana da tsohuwar riga ba, sai kawai na ga hannuwana sun tuɓe tsamiyar kawu, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Nan ma da sauƙi. Wani ƙwaron fitila ya nufo kunnena, na ɗaga hannu na kaɗa kai, sanƙira kuwa ya fassara ishara nan take: "Ya ce gobe a taho gida a kama doki!" Na koma gida ta lunguna daga ni sai 'yar ciki, na tabbata lalle zanen aro ba ya rufe katara.

Da hantsi, kawu na tsakiyar bayanin babin tsarki, almajirai sun kewaye shi, sai kotso ya tashi a ƙofar zaure, uban waƙa na gaba, sanye da rigar da kowane almajiri ya sani. Kawu ya rufe littafi, ya dube ni dubawa mai tsawo, ya ce, "Yaro, wanga idi naka ya yi nisa." Sa'an nan ya fuskanci baƙi, ya yi musu bayani dalla-dalla cewa kyautar abin da mutum bai mallaka ba ba ta inganta a shari'a, balle alkawarin dokin da ba shi a turke. Sanƙira ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta malam, gaskiya ta. Sai mu tai mu shaida ma jama'a kyautar jiya ta aro ce." Kawu ya yi shiru, domin ya san hukuncin alƙali a ɗaki ɗaya ake jin sa, zambon makaɗi kuwa har Gusau da Argungu zai kai, ya kuma rayu bayan mai shi.

Aka zauna sulhu. Kawu ya fanshi rigarsa da fam biyu, ya rubuta su bashi a kaina. Da aka zo kan doki, sanƙira ya hangi kekena Raleigh a jingine da bango, ya kawo ƙiyasi wanda ya ba kawu kansa sha'awa: yana da sirdi, yana da linzami, ana hawansa, saboda haka ya isar. Kawu ya gyaɗa kai ya ce illa ta haɗa su, almajirai suka shaida.

Daga nan sunana ya shiga gari a matsayin mai kyautar doki, har mai kanti ya daina yi mini ragi, iyayen yarinyar da nake nema kuma suka sake lissafin lefe. Sanƙira kuwa ya gane hanyata ta zuwa makaranta, kullum safiya sai ya riske ni yana bisa kekena, ya kaɗa ƙararrawa, ya tuna wa jama'a Tabkin Kwatto, ba ya kuma matsawa sai na ba shi sisin gyaran faci.