Kwamfutar Taubashina Ta Yi Cika-ciki

Taubashina na Kalgo, labari ya iso Gwandu tun kafin ka gama rantse-rantse: wai kwamfutarka ta sandare ana tsakiyar aiki, ka ce sammu ne. Ka zargi masu wuta, ka zargi yaron da ya sayar maka da ita a Birnin Kebbi, har ka fara neman mai tofi. Haba! Wa zai ɓata layarsa a kanka?

Na bincika, aka ce hotunan fadamar shinkafa kake dubawa, waɗanda tauraron Sentinel-2 ke ɗaukowa daga sama, kana buɗe su ɗaya bayan ɗaya da Matplotlib, manhajar zanen da John Hunter ya fitar a 2003. To saurara, malamin gona. Falle guda na irin hoton nan ɗigo 10,980 ne a tsaye, 10,980 a kwance, launi ɗaya tak ya kai megabait 240. Ƙwaƙwalwar 'yar kwamfutarka kuwa gigabait 8 ce. Duk hoton da ka buɗe a sabon allo, manhajar tana riƙe da shi har sai ka ce ta rufe, kai kuma ba ka taɓa cewa ba. Da alluna suka haura 20 ta rubuto maka kashedi, ka wuce abinka, kamar yadda kake wuce mai binka bashi ranar kasuwa.

Masana suna kiran wannan ciwo yoyon ƙwaƙwalwa. Ni dai ban ga yoyo ba, halinka na gani. Ka tuna kwanukan tuwon Inna? Kullum a kai maka ɗaki, ba ka taɓa mayar da ko murfi ba, har ranar da aka rasa na zuba miya aka ɗaga gadonka aka tarar da kasuwar 'yan kwano. Na'urar ma zama da maɗaukin kanwa ta yi.

Gane ciwon ba ya bukatar boka. Buɗe Task Manager, ka sa ido a kan lambar ƙwaƙwalwa, ka ɗora hoto goma. In tana hawa ba ta saukowa, ɓarawon na cikin gida. Rubuta plt.get_fignums, za ta jero maka allunan da ka bari a buɗe. In kana son a nuna maka layin da ke haɗiyewa, akwai tracemalloc a cikin Python. Kada ka ce za ka yi wayo ka riƙa kiran imshow a allo ɗaya: jibga sabo yake a kan tsoho, na ƙasa yana nan daram. Ka yi allo guda, ka riƙa sauya hoton da set_data, wanda ka gama da shi ka rufe da plt.close.

Ladan wannan karatu ka haɗa da kuɗin sharar bara. Kuma ka taho da kwanukan.